Baƙin man da ya dace da motarka

Zuwa ga abokina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga hoton sabuwar motar, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a saƙonka: ka ce da aka yi maka juye, bakaniken ya zuba 20W-50, wai mai kauri ya fi riƙe inji. Don Allah ka duba murfin wurin zuba man, ko littafin motar. Motocin shekarun nan galibi 0W-20 ko 5W-30 suke so.

Lambobin nan ba ado ba ne. Ta farko, mai W a gefe, tana nuna yadda man yake gudu idan inji ya kwana ya yi sanyi. Iya ƙanƙantarta, iya saurin isarsa ko'ina. Ta biyu kuwa kaurinsa ce idan zafi ya kai digiri 100. Da safe in ka murza makulli, man yana kwance a ƙasa, ƙarafa na gugar juna har sai ya hau. Injinan yanzu hanyoyin mansu sirara ne, kuma da yawansu da ƙarfin turin man suke daidaita lokacin buɗewar bawul. To ka ga mai kauri yaushe zai ratsa?

Ni ma an taɓa yi mini haka. Kullum da safe sai inji ya yi ƙarar ƙarfe kafin ya natsu, ga shan fetur, ina ta zargin fulogi. Da na koma 5W-30, shiru kake ji.

Za a ce maka ai garinku da zafi. Littattafai da yawa suna da jadawalin yanayi, in ya yarda ka ƙara kauri, ƙara. Tsohon injin da ya fara hayaƙi ma akan ɗaga masa mataki ɗaya, amma wannan lallaɓawa ce kafin a buɗe shi. Taka ba ta kai nan ba.

In za ka saya, duba tambarin API, wato alamar matakin ingancin man, a jikin galan. Matakin SP, wanda ya fito a 2020, ya maye gurbin na SN. Kuma a canja filta tare da man, kada ka yi ƙyashi.

Ka gaida maiɗaki da yara. Yaushe za ka zo mu ɗana motar?

Naka,
Habibu