Godiya ga ofishin dillalan gidaje da suka kai mu ƙauye a Leicestershire

Zuwa ga ma'aikatan ƙaramin ofishin nan na dillancin gidaje da ke cikin garin Market Harborough, gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na riga na kai muku katin godiya da Turanci ranar da muka karɓi mukulli, amma wallahi raina bai kwanta ba, akwai godiyar da ba ta fita daidai sai da harshen da aka haife ka da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da Hausa, kuma ina so 'yan'uwanmu na Leicester da Birmingham da duk mai tunanin sayen gida a Ingila ya gani.

Shekara shida muka yi muna haya a unguwar Highfields cikin birnin Leicester, ni da maigidana da yara uku a gida mai ɗaki biyu, ba tsakar gida ba wurin wasa, in na taso daga aikin dare a asibiti sai na yi ta zagaye layi kafin in samu inda zan ajiye mota. Da muka fara neman namu na kanmu ko a mafarki ƙauye bai zo mana ba, don mu in an ce ƙauye abin da ke faɗo mana a rai daban ne, kuma muna ganin ƙauyukan nan ai na Turawa ne 'yan fansho, me zai kai mu. Dattijuwar da ke teburin farko a ofishinku ita ta zaunar da mu ta ce mu je mu gani da idonmu tukuna, kuma kar mu je sau ɗaya, mu je da safe lokacin kai yara makaranta, mu koma da daddare, mu sake komawa ranar da ake ruwa.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne gaskiyar da kuka gaya mana. Kowa ya san a nan mai gida ne ke biyan dillali la'ada, ba mai saye ba, don haka da kun rufe mu da daɗin baki babu mai tuhumarku. Gidan farko da ya shiga raina, tsohon gini ne mai kyau kamar a hoto, na riga na fara raba ɗakuna a kaina, sai kuka ce mana yana cikin gine-ginen tarihi da hukuma ta yi wa rajista, ko tagogi za mu canza sai mun nemi izinin kansul, wato ƙaramar hukuma, kuma gyaransa ba kuɗi kaɗan ba ne. Ku kuka gaya mana gidaje da yawa a ƙauyukan nan bututun gas bai kai musu ba, tankin mai ake ajiyewa a bayan gida mota ta zo ta cika, da shi ake ɗumama ɗakuna. Ku kuka ce mu duba taswirar ambaliya ta gwamnati, mu gwada ƙarfin intanet a gidan da kansa, mu ɗauki safiyo namu ya duba rufi da danshin bango kar mu dogara da maganar kowa har da taku. Maganar bas ma ba ku ɓoye ba, jefi-jefi take zuwa, in miji da mata duk suna aiki to mota biyu kusan dole ce. Kuma ba ku ce mana ƙauye araha ba ne, wasu ƙauyukan ma sun fi cikin birni tsada.

Sai zancen kuɗi. Mu ba mu so bashi mai ruwa ba, ta tsarin musharaka muka bi, banki ya saya tare da mu muna biyan haya muna sayen kasonsa a hankali, kuma takardun sun ja lokaci fiye da yadda aka saba. A Ingila kafin lauyoyi su yi musayar kwantiragi ciniki bai faɗa ba, mai gida na iya juyawa ya sayar wa wanda ya ƙara kuɗi, an taɓa yi mana haka a wani wuri bayan mun kashe kuɗin lauya, na yi kuka ranar. Ku kuwa duk mako sai kun buga wa lauyanmu waya kun buga wa mai gidan kuna ba shi haƙuri har aka gama. Har harajin sayen gida kun zauna kun lissafa mana, cewa tun Afrilun 2025 mai sayen gidan farko ba ya biyan komai a kan fam 300,000 na farko in dai gidan bai wuce 500,000 ba.

Yanzu ga mu nan. Akwai lambu a baya da bishiyar tuffa, na shuka alayyafo da tumatur da bazara sun yi. Makarantar firamare da ƙafa yara ke zuwa, shugabar makarantar ta san sunan kowane yaro. Da dare shiru, har taurari ana gani, abin da na manta rabona da shi. Akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin mutane kuma doka ta ba kowa damar bi, ranar Asabar mukan bi su har Foxton Locks, yara su tsaya kallon yadda ake hawa da jiragen ruwa kan tudu ta ƙofofi goma da aka gina tun 1814, ba sa gajiya da shi. Amma abin da ya fi taɓa ni ƙwai ne. Wani manomi yana ajiye ƙwai a bakin ƙofarsa da ɗan akwati, ka ɗauka ka jefa kuɗi ka wuce, ba mai tsaro. Ranar farko na daɗe a tsaye a wurin. Maƙwabciyarmu kuma in ina aikin dare ita ke fitar mana da kwandon shara ba tare da na roƙa ba, da sallah na kai mata waina da miyar taushe ta dawo da kwano da kek a ciki.

Ba zan ce babu kewa ba, akwai. Ba masallaci kusa, Juma'a sai maigida ya bi titin A6 zuwa babban masallacin Conduit Street a Leicester, nama kuma daga Evington Road muke saro na wata guda mu cika firiza. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi kuma layinmu ba fitilun titi, azumin farko ma na ji rashin jama'a sosai lokacin buɗa baki. Amma duk wannan kun faɗa mana tun kafin mu sa hannu, ba abin da ya zo mana bazata. In London ta kama kuma daga tashar Market Harborough kusan awa ɗaya ne a jirgin ƙasa zuwa St Pancras.

Na gode, na gode, Allah ya saka muku da alheri ya ƙara wa ofishinku albarka. Na riga na turo muku iyalai biyu daga cikin 'yan'uwanmu, na ce su nemi dattijuwar teburin farko. Tuffa ta kusa nuna, kwandonku na nan tafe.

Taku mai godiya,
wata ma'aikaciyar jinya daga wani ƙauye a kudancin Leicestershire