Masu sayen kwamfuta a Zariya, a daina ruɗuwa da sitikar i7

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu in yi magana da masu sayen kwamfutar tebur, musamman iyayen yara da masu buɗe shagon buga takardu irina. Shagona a Samaru yake kusa da ABU, kullum sai ɗalibi ko malami ya tambaye ni wace kwamfuta ce ta fi gudu, kuma kusan kowa amsar da yake so ya ji ita ce i7, wai tunda bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, shi ke nan an gama lissafi. To gaskiya ba haka abin yake ba.

Core i7 ɗin nan sunan furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun 2008 kamfanin Intel ya fara fitar da shi, kusan duk shekara kuma aka riƙa fito da sabon jenareshan har zuwa na 14 a 2023 amma sunan bai canza ba. Kamar Camry ce, ta 2002 da ta 2020 duk Camry ake ce musu amma ba mai hankalin da zai biya kuɗi ɗaya. Lambar da ke bayan sunan ita ce magana. In ka ga i7-2600 to jenareshan na 2 ne, na 2011, in ka ga i3-12100 jenareshan na 12 ne, na 2022, in lambobin huɗu ne ka duba ta farko in biyar ne ka duba biyun farko. Waɗannan biyun duka kawunan aiki huɗu gare su, kowane kai na jan aiki biyu lokaci guda, amma wallahi ƙaramin i3 ɗin nan zai bar wancan i7 ɗin a baya nesa ba kusa ba, ko a manhajojin gwada gudu irin PassMark ko Cinebench aka gwada su, ko ma ka buɗe AutoCAD da kanka ka gani, saboda shekara goma sha ɗaya na gyaran ƙira ke tsakaninsu.

Wasu kuma GHz suke kallo, wato lambar saurin bugun furosesa. Pentium 4 ya kai har 3.8GHz, amma da Core 2 Duo ya fito a 2006 da lamba ƙasa da haka sai ya shige shi, don haka wannan ma ba ma'auni ba ne sai in jenareshan ɗinsu ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar wuta, don mu nan rabin aikinmu a kan sola da inbata ko janareto yake. Wancan i7-2600 an rubuta masa wat 95, i3-12100 wat 60, masu harafin T a ƙarshe irin i5-8500T da ke zuwa cikin ƙananan akwatunan Dell da HP su wat 35 ne. Ka jera guda goma a shago ko a santar CBT lokacin rajistar JAMB ka ga yadda batir zai yi da kai kafin la'asar. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, in ka buɗe murfin sai ka tarar ƙura ta yi kauri kamar auduga a jikin ƙarfen sanyaya furosesa, man da ke tsakaninsu ya bushe ya zama gari, shi kuma furosesa da ya ji zafi ya yi yawa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, sai mai ita ya ce ai bairos ne ya kama ta a yi mata fomatin.

Furosesan kamfanin AMD ma mutanenmu na gudunsa ba dalili. Tun da Ryzen ya fito a 2017 labari ya canza, Ryzen 5 3600 na 2019 kawuna shida gare shi, sai dai shi dole a haɗa masa katin hoto daban, 5600G ne mai nasa a ciki. Haka na Intel masu F a ƙarshe, ba katin hoto ba abin da zai fito a sikirin.

Sannan Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida kusan sai jenareshan na 8 zuwa sama. Ba wai na ce tsohuwa ba ta da amfani ba fa, i5-3470 in aka sa mata SSD da ram 8GB za ta buga furojet ɗin ɗalibai lafiya lau, kawai dai a saye ta a kuɗin tsohuwa.

Roƙona ga 'yan'uwa masu sayar da na hannu a PZ da Sabon Gari, ku riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa a rasit. Mai saye kuma kafin ka miƙa kuɗi ka ce a kunna maka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance ka taɓa CPU, lambar na nan a sama ta hannun dama.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Samaru, Zariya