Sanarwa ga ƴan rukuninmu na harhaɗa magunguna a Jidda

Salamu alaikum ƴan uwa, zaman wannan Alhamis bayan isha'i kan asid ɗin ruwan matsarmama ne, don Allah kowa ya ɗan duba kafin ya zo.

Hanta ce ke ƙera biyu daga cikinsu, wato kolik asid da kinodiyoksikolik, daga kolestarol, ƙwayoyin bakteriyar hanji kuma su juya kolik ya koma diyoksikolik, sannan wajen kashi 95 cikin 100 ƙarshen ƙaramin hanji ke tsotsewa ya mayar wa hanta. Abin da ni dai ya fi burge ni shi ne fuska biyun da asid ɗin ke da su, gefe ɗaya na son ruwa ɗaya na son mai kamar sabulu, shi ya sa suke dunƙulewa su rungumi maganin da ba ya narkewa a ruwa su kai shi inda ake so. Amfoterisin B, maganin cutar fangas da ake sayarwa da sunan Fungizone, da sodiyam diyoksikolet (gishirin diyoksikolik asid) ake haɗa shi, amma in asid ɗin ya yi yawa yana ɓata fatar ƙwayar halitta, a nan nake so mu tsaya sosai.

Ƴan Makka da Madina za mu turo muku link insha Allah, Malam ya ce a zo da tambayoyi.