Amsar tambayarka kan abin da nake damawa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ka ce ka gaji da jin "muna kan bincike", in fito fili in faɗa maka abin da nake damawa a ɗakin gwaji. To ga shi.

Wani abu ne mai kauri kamar dafaffen sitaci, kusan dukkansa ruwa, ana ce masa haidirojel. Ba sabo ba ne, tun 1960 wasu masana biyu a Prague, Wichterle da Lim, suka fito da irin wanda daga baya aka yi gilashin ido mai laushi da shi, wanda ake manna wa ƙwayar ido. Namu da wani sinadari ake yinsa, PNIPAM, mai halin ban mamaki. Ƙasa da digiri 32 na ma'aunin Celsius yana shan ruwa ya kumbura, ya yi garau. Da zafi ya haura haka sai ya takure, ya matse ruwan ya fitar. Ranar farko na dunƙule 'yar kwalbar da yake ciki a tafin hannuna, kafin in gama magana ta yi fari fat kamar nono. Na sa ta a ruwan sanyi ta koma garau. Sai da na maimaita sau biyar, kamar yaro.

Namu kuma yana ba da haske, hasken daga yurofiyam yake zuwa, wani ƙarfe da muke sa ɗan mitsitsi a ciki. Idan aka haska shi a duhu da fitilar UV, wato irin hasken nan da ido ba ya gani, ja yake bayarwa. Ruwa na dusashe wannan jan, don haka da abin ya matse ruwansa sai ya yi jawur. Ka ga launi ya zama ma'aunin zafi ke nan.

Kai da kake wanke gyambo kullum ka riga ka hango amfanin: bandejin da zai nuna rauni ya fara zafi, ya kuma saki maganin da aka ɗura masa. Amma kada ka yi wa majinyata albishir tukuna. Hasken UV ba ya ratsa fata da nisa, PNIPAM kuma ba ya narkewa a jiki. Nawa ma makon jiya ƙin haske ya yi gaba ɗaya, aikin kwana tara ya tafi a banza.

Yajin da ka aiko ya ƙare tun watan jiya. Ka gaida mutanen majalisa.

Naka har kullum.