Katin da banki bai san da shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara idan 20 ga Yuni, Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya, ta zagayo, kukan kawo mana hotunan 'yan gudun hijira a layin karɓar abinci. Ba na raina abincin, mai jin yunwa ba ruwansa da doka. Amma abin da ke riƙe mutum a wannan layi shekara da shekaru a ofis yake, kuma ba kasafai wakilanku ke leƙawa can ba.

Haƙƙin ɗan gudun hijira dai a rubuce yake tun 1951. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Janeba ta yi maganar aikin albashi a sashe na 17, karatun yara a na 22, zirga-zirga a na 26, takardar shaida a na 27. Ƙasashe da dama sun sa hannu, wasunsu suka ce ban da sashen aiki. Ko inda aka amince da duka, ba a nan gizo ke saƙa ba.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta tsallako iyaka da 'ya'yanta. An yi mata rajista, an ba ta kati mai hoto. Ta je yankan layin waya, yaron shagon ya juya katin gaba da baya, ya ce na'urarsa ba ta karɓar irin wannan lamba. Banki ya ce sai da lambar waya da katin ɗan ƙasa. Asibitin da ke neman ma'aikata ruwa a jallo ya ce ta kawo shaidar karatu, alhali makarantar da za ta tabbatar da ita ta zama kufai. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya karya doka. Babban banki ne bai aika wa bankuna takarda cewa katin nan karɓaɓɓe ne ba, hukumar sadarwa ma haka. Ƙarshenta sai aikin wanke-wanke a ɓoye, a biya ta yadda aka ga dama, ba ta da inda za ta kai ƙara.

Inda hukuma ta so, abin ba ya ɗaukar lokaci. A Maris na 2022 Tarayyar Turai ta ba mutanen Yukren izinin zama da aiki da sa yara a makaranta cikin 'yan kwanaki da ɓarkewar yaƙi. Kada a ce sai mai kuɗi: Kolombiya ta ba 'yan Benezuwela izinin shekara goma a 2021, Yuganda kuwa tun dokarta ta 2006 ta bar ɗan gudun hijira ya yi aiki, ya je inda yake so, har fili take ba shi ya noma. Gaskiya filin ƙarami ne, tallafin waje ma sai raguwa yake yi, amma mutum na iya fita ya nema.

A duba sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya, da aka buɗe a 1991. Akwai waɗanda a can aka haife su, su ma suka haihu a can, kuma fita daga sansanin sai da takardar izini. Kenya ta yi sabuwar doka a 2021, sai dai samun izinin aiki har yanzu jan aiki ne. 'Yan ƙabilar Rohingya da suka kwarara Bangaladash daga Myanmar a 2017 ma ba a yarda su yi aiki a hukumance ba.

Masu cewa baƙo zai ƙwace aikin ɗan gida ba wasa suke ba, inda aiki ya yi ƙaranci dole a ji tsoro. Amma wanda aka hana izini ba zama yake yi ba, aikin yake yi a rabin kuɗi, kuma hakan ne ke karya ladan ɗan gida.

Roƙona, Malam Edita, idan wakilinku ya gama da sansani, ya biya ta ma'aikatar ƙwadago da babban banki da hukumar ilimi. Ya tambaye su izinin aiki nawa suka bayar bara, kuma wane banki ne ke buɗe asusu da katin ɗan gudun hijira.

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarku