Labarin jirgin yaƙin da kuka tambaya

Nofok, jihar Bajiniya, Amurka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yaran gida, na samu saƙonku inda kuka tambayi labarin jirgin nan na sojojin ruwan Amurka da kuka ji a rediyo shekarun baya cewa an kai masa hari a Yaman, ko ya nitse ko yana nan. Baba, yana nan da ransa, kuma garin da nake zaune shi ne mazauninsa.

Sunansa USS Cole, jirgin yaƙi ne mai harba makamai masu linzami, tsawonsa ya kai mita 154. An ƙera shi a Faskagula ta jihar Misisifi, ya fara aiki a watan Yunin 1996, kuma sunan wani saje ne ya ci, Darrell Cole, wanda ya mutu a fafatawar tsibirin Iwo Jima na Japan a 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar 12 ga Oktoban 2000 ya tsaya shan mai a tashar Aden ta ƙasar Yaman, sai wasu mutum biyu suka matso cikin ƙaramin kwalekwale maƙare da nakiya, suka tayar da ita a jikinsa daidai lokacin da sojoji ke layin abincin rana, kuma kusa da kicin abin ya faru. Mutum 17 suka rasu, fiye da 30 suka jikkata, gefen jirgin ya ɓurme da rami mai faɗin kusan mita 12. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka tsira, domin sun kwashe kwanaki cikin zafin Aden suna kwarfe ruwa da toshe kafofi, ga gawawwakin abokansu a ciki, har suka hana shi nitsewa. Ku da kuka yi aikin soja kun fi ni sanin nauyin wannan.

Da yake ba ya iya tafiya da kansa, wani katafaren jirgin dako mai suna Blue Marlin ne ya goyo shi kamar jariri har Faskagula a watan Disamba. Aka yi fiye da shekara ana gyara, ya dawo Nofok a 2002, ya sake fita aiki a ƙarshen 2003. An sa taurari 17 a daɓen hanyar ɗakin cin abincinsa, ɗaya ga kowane mamaci.

Ba a shiga sansanin sojojin ruwa na nan Nofok, inda yake tsayawa, sai da izini, saboda haka daga jirgin 'yan yawon buɗe ido na hango shi, da lamba 67 a goshinsa, kuma wallahi ban ga alamar tabon ba. Zan turo hoton ta wayar Yaya ya nuna muku.

A gaishe da Inna, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku mai biyayya.