Layin shago daban, na gida daban

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu ƙananan shaguna. Tun da NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, ta kwanta dama wayar tebur sai labari, to ka ware waya mai sim biyu ta shago kawai, MTN da Airtel ko Glo, in sabis ɗin ɗaya ya ɗauke ɗayan na nan, kuma rijistar sim ɗin da NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, za a yi ta ba na yaron shago ba, don ran da ya tafi wallahi har kwastomominka ya kwashe. Akwatin saƙon murya kuwa kar ka wahalar da kanka, mutanenmu katsewa suke kar kati ya ƙare, gara WhatsApp Business, su yo rikodin ka saurara bayan ka idar da sallah.

Naka mai karatu, daga Kano